Gwangwanin Malam Shiru

A zamanin da ake zuba tawada a 'yan ramukan benci, ana goge bakin alƙalami da tsumma, akwai wani malamin aji huɗu da ake kira Malam Shiru. Ba yara suka sa masa sunan ba. Wani sufeton makarantu ne ya zo zagaye, ya wuce ƙofar ajinsa yana zaton babu kowa a ciki, sai da ya dawo ya leƙa ya ga yara cike har bango, kowa kansa a kan littafi. Ya gaya wa hedimasta cewa tunda yake zagaye bai taɓa shiga aji ya ji bugun agogon hannunsa ba sai ranar. Daga nan sunan ya bi shi, har matarsa takan kira shi da shi in tana son tsokanarsa.

Ɗan kafinta ne. Ya tashi cikin ƙamshin katako, a gaban uba mai ƙarancin magana wanda yakan daɗe yana jujjuya itace a hannu kafin ya sa masa zarto. Malamin da ya fara koya masa baƙaƙe kuwa mai saurin hannu ne, ya bar masa tabo a bayan hannun hagu, tabon da har ya tsufa yakan shafa shi in yana tunani. Ran da ya fito daga kwalejin malamai da akwatin ƙarfe ɗaya da riguna biyu, ya fito da alkawari guda a ransa, cewa ba zai taɓa ɗaga bulala a kan ɗan kowa ba. Ya kuwa riƙe alkawarin, kuma yana alfahari da shi a ɓoye fiye da yadda ya kamata.

Mutum ne siriri, matsakaicin tsayi, rigarsa kullum a goge. Kafin ƙararrawar safe ya riga ya shiga aji. Yana da wani zare da yake shafa wa garin alli, ya sa yara biyu su riƙe a kan allo, ya ja ya saki, sai layi ya fito miƙe. A kan waɗannan layuka yake rubutu, baƙi bayan baƙi, babu wanda ya fi ɗan'uwansa tsawo. Malaman da suka zo daga baya ba su ga irin wannan allo ba.

Yadda yake riƙe aji kuwa ba wani asiri ba ne, sai dai wuyar kwaikwayo. In hayaniya ta taso, sai ya rage murya har na baya su fara dungurin juna don su ji. In yaro yana surutu, ba ya kallonsa, sai ya je ya tsaya kusa da bencinsa yana ci gaba da bayani, hannunsa a kan kafaɗar na kusa da shi. Wani lokaci ya saka sunan mai gyangyaɗi a tsakiyar lissafi, ya ce wane ya je kasuwa da kwando uku, yaron ya farka a firgice. Daga sauran azuzuwa kana jin saukar tsumagiya da kuka, daga nasa ba ka jin komai sai ƙarar alli.

Amma akwai yaron da duk wannan ba ya kama shi, kuma don irinsa Malam ya tanadi gwangwani. Tsohon gwangwanin madara ne mai murfi, ya zuba 'yar tsakuwa a ciki, ya cusa tsumma don kar ta yi ƙara, ya ɗaure murfin da robar tayar keke. In ya ga yaro ya kumbura, kuka ko faɗa na gab da fitowa, sai ya kira shi da muryar girmamawa ya ce ya kai wa Malam Dogo wannan, ya riƙe da kyau. Malam Dogo shi ne na aji shida, can ƙarshen baranda, kuma ya san zancen. Yakan karɓa, ya auna nauyinsa a hannu, ya gyaɗa kai, ya ce a mayar a ce ya gode. Kafin yaro ya je ya dawo iska ta buge shi, zuciyarsa ta sauka, ya zauna yana jin shi ma wani ne. Sau ɗaya ko biyu a zango gwangwanin yake fitowa. Dabara ce mai kyau, kuma ta yi shekaru tana aiki ba tare da ta cuci kowa ba.

Sai aka kawo Mazari.

Sunansa ya riga shi shiga aji huɗu. Malamar aji uku da ta miƙa shi ta ce wa Malam Allah ya ba shi haƙuri, ita dai ta sauke nata. Yaron ba mugu ba ne. Ba ya sata, ba ya cin zali, fuskarsa kullum a washe. Jikinsa ne kawai ba ya zama, shi ya sa aka sa masa Mazari. Ƙafarsa tana rawa a ƙarƙashin benci har tawadar makwabcinsa ta zube. Ya iya kukan akuya, ya iya ƙahon babbar mota, ya iya tarin mai gadin makaranta har mai gadin kansa ya taɓa juyowa. Malam ya rage murya, Mazari ya rage tasa ya kwaikwaye shi. Malam ya tsaya kusa da bencinsa, Mazari ya ɗaga kai ya yi masa sannu da zuwa. Abin ya fi tsanani bayan an dawo daga hutun tara, lokacin da ake fito da littattafan karatu, kowane yaro ya miƙe ya karanta layinsa. A nan ne Mazari yake faɗowa daga benci, ko ya ga kunama inda babu, ko ya ɗaure bayan rigunan na gabansa. Malam ya lura da lokacin sarai, ya ce a ransa wasan tara ne bai gama fita daga jikin yaron ba.

Ran da ya fara ba shi gwangwanin, Mazari ya karɓa da hannu biyu, ya fita yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ajin ya yi tsit. Malam ya ji daɗin wannan shirun har cikin ƙashinsa, irin daɗin da mutum ke ji in ciwon haƙori ya sake shi. Washegari ya sake ba shi. Jibi ma haka.

Kafin zango ya raba, tafiyar ta yi tsawo. Malam Dogo ya ga yaron yana saurin dawowa, sai ya fara cewa a kai wa mai gadi. Mai gadi ya ce a kai ɗakin ajiya. Mai ɗakin ajiya ya ce ai wannan na malamar aji ɗaya ne. Kowa ya karɓa ya auna ya gyaɗa kai. A ɗakin malamai abin ya zama na dariya. Malam Dogo ya ce shi yanzu ya daina duba agogo, in jirgin aji huɗu ya iso ya san lokacin karatu ya yi. Malam Shiru yakan yi murmushi yana shan shayinsa. Mazari yana dawowa daidai ana rufe littattafai ana buɗe lissafi, kuma a lissafi ba shi da na biyu, kafin a gama faɗin tambaya ya ba da amsa. Rubutunsa ma abin sha'awa ne. Yakan kwafe allon Malam tsaf, har lanƙwasar wutsiyar baƙaƙe, sai ka rantse hannu ɗaya ne. Da wannan rubutu da wannan lissafi, da ɗan sassaucin da Malam yake yi masa a maki saboda ya zama yaron kirki, zango biyu suka wuce babu wanda ya tambayi komai.

Ban da matar Malam. Ita ɗinki take yi a gida, kuma tagarta tana kallon bayan makaranta. Wata rana yana cin abinci ta tambaye shi, yaron nan da take gani kullum yana yawo da gwangwani, shi yaushe yake nasa karatun? Malam ya ce yaron kwanya ce da shi, a iska yake cafke abu. Ta ciji zare, ta ce to.

A zangon nan ne hedimasta ya kawo malamai masu koyon aiki su zauna a bayan ajin su ga yadda ake riƙe yara ba tare da bulala ba. Ranar gwangwanin ya yi tafiyar da bai taɓa yi ba, har gidan hedimasta ya je. Baƙin suka cika takardunsu da rubutu, suka yi wa Malam godiya ɗaya bayan ɗaya.

Uban Mazari mai gyaran keke ne, rumfarsa tana bakin hanyar da Malam yake bi zuwa gida. Ya zo makaranta a farkon zango na uku, ana cikin tara. Aka ba shi kujera ya ƙi zama, ya ce jikinsa duk baƙin mai ne. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, ya yi godiya kan yadda aka riƙe masa yaro. Ya ce a gida ba su da wani zance sai na Malam, yaron yana cewa shi ne na hannun daman Malam, babu saƙon da ke fita aji huɗu sai ta hannunsa. Daga nan ya dubi ƙasa, ya faɗi abin da ya kawo shi. An kawo masa kayan gyara a kwali, da rubutu a jiki. Ga mutane zaune a rumfa, sai ya kira ɗansa cikin jin kai ya ce ya karanta musu. Yaron ya dubi kwalin ya ce an rubuta taya. Ƙanwarsa 'yar aji biyu, da ta kawo abinci, ta leƙa ta ce ba haka aka rubuta ba, ta karanta duka har ƙasa. Mutanen rumfa suka yi dariya, suka ce ashe kuɗin littafin ƙaramar ne ya yi rana.

"Malam, ni ban yi makaranta ba," in ji shi. "Baƙin nan shi na kawo shi ya samu, don shi ne ba ni da shi. In ba zai samu ba, ina da sipana, kar ya yi biyu babu. Zan bar shi zuwa ƙarshen shekara. In ya karanta, ya ci gaba. In bai karanta ba, sai in ɗauki abina, ba tare da na ga laifin kowa ba."

Malam ya ce lalle kunyar mutane ce ta kama yaron, zai duba. Ya ji muryarsa tana fita lafiya lau, kamar ta wani.

Da aka tashi ya tsayar da Mazari, ya buɗe masa littafin karatu a shafin da ke da hoton mai kamun kifi. Yaron ya karanta shafin daga sama har ƙasa, babu gargada, har da tsayawa inda ake tsayawa. Zuciyar Malam ta fara sauka. Sai ya lura idon yaron ba ya bin layi, yana kan hoton. Ya buɗe wani shafi, ya rufe hoton da tafin hannunsa, ya sa yatsa a kan wata gajeriyar kalma a tsakiya. Ƙafar Mazari ta daina rawa. Aka yi shiru, irin shirun da aka san ajin da shi, sai dai Malam bai taɓa jin nauyinsa ba sai ranar. Yaron ya haddace shafukan ne da kunne tun aji uku, daga bakin 'yan'uwansa. Rubutun nan mai kyau kuwa zane ne kawai, yadda wani yaro zai zana mota.

Malam ya tafi gida ta wata hanya dabam. Bai ci abinci sosai ba. Matarsa ta dube shi, ba ta tambaye shi ba, shi kuma ya fi son ta tambaya ta yi masa faɗa.

Washegari ya kulle gwangwanin a aljihun teburi. Da lokacin karatu ya yi, Mazari ya miƙe da kansa, ya zo ya tsaya da hannu biyu a miƙe. Malam ya ce ya koma ya zauna. Yaron ya tsaya yana dubansa kamar bai ji ba. Da layi ya zo kansa, ya yi kukan akuya, ajin ya fashe.

Makonnin da suka biyo baya ba su da daɗin faɗi. Aji huɗu ya koma kasuwa. Yaran da suka yi wata da watanni a natse suka gano ashe su ma suna da baki. Malam Dogo ya leƙo ya tambaya ko jirgi ne ya lalace, ya ce in babu gwangwani shi yana da tsumagiya ta aro. Hedimasta ya kira Malam ofis, ya tambaye shi ko lafiya a gida, ya tuna masa cewa sunan makarantar nan rabinsa a ajinsa yake. Malam bai iya gaya masa dalili ba, don dalilin yana nufin cewa abin da aka kawo baƙi su gani su rubuta, an same shi ne ta hanyar fitar da yaro ɗaya waje kullum. Mazari kuwa ya canza. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya fara faɗa, abin da bai taɓa yi ba. Wata rana wani yaro ya raɗa masa cewa ƙanwarsa ta fi shi, sai ya ɗauki kwalbar tawada ta teburin Malam ya jefa. Ta sami allo, ta wanke layukan nan masu kyau da baƙi.

Malam bai san lokacin da babbar rular katako ta shigo hannunsa ba. Ya dai ga hannunsa a sama, ya ga yaron ya rufe kai da damtse, ya ga tabon bayan hannunsa na hagu da ya dafa teburi da shi. Ya ajiye rular. Ya ce kowa ya fita, ban da Mazari.

Yaron ya tsaya yana haki. Can ya ce, "Malam, me na yi muku kuka daina aikena?"

Malam ya ce bai yi komai ba. Ya buɗe aljihun teburi, ya ciro gwangwanin, ya fara kwance robar. Ya yi niyya ya nuna masa abin da ke ciki, ya gaya masa gaskiya, ko da yaron zai tsane shi. Mazari ko duban gwangwanin bai yi ba.

"Tsakuwa ce da tsumma," ya ce. "Na sani. Tun satin farko na buɗe a bayan ɗakin ajiya."

Malam ya tambaye shi, to da ya sani, me ya sa ya ci gaba da ɗauka da hannu biyu?

"Na ɗauka kun gane ban iya ba ne, shi ya sa kuke fitar da ni kafin layi ya zo kaina, don kar a yi mini dariya. Duk malaman da na yi, ku kaɗai kuka rufa mini asiri. Na gaya wa babana babu malami irinku." Ya share hanci da bayan hannu. "Yanzu kuma kun bari kowa ya sani."

A nan ne ya kamata Malam ya ce a'a, ba don kai na yi ba, don kunnena na yi, don sunan da sufeto ya sa mini. Maganar ta zo har bakinsa. Ya dubi yaron, ya ga abin da ya rage masa a makarantar nan ke nan, cewa akwai wanda ya taɓa tausaya masa. Ko kuwa shi ne bai da ƙarfin faɗi, ya laɓe a bayan tausayin. Shekaru da yawa ya yi yana juya wannan a ransa, bai taɓa rabe su ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗauko littafinka."

Ya yi ƙoƙari, wannan kowa ya shaida. Da ya ga yaron ba ya iya koyo a zaune, sai ya rubuta baƙaƙe da alli a jikin ginshiƙan baranda, tun daga ƙofar aji huɗu har ta Malam Dogo, hanyar da ƙafar yaron ta riga ta sani. Bayan an tashi su biyu suke bi, Mazari ya taɓa ginshiƙi ya faɗi baƙin, ya yi tsalle zuwa na gaba. Daga baƙaƙe suka koma gaɓoɓi, daga gaɓoɓi suka koma gajerun kalmomi. Yaron ya kama, da sauri ma, kuma wannan saurin ya fi komai ƙona Malam, don yana nuna masa abin da zango biyu za su iya yi da an yi amfani da su. Ruwan sama ya wanke ginshiƙan ya sake rubutawa. Amma shekara ta riga ta yi nisa.

Hedimasta ne yake jarraba karatu a ƙarshen shekara, da littafin da yara ba su taɓa gani ba. Mazari ya miƙe, ya sa yatsa, ya karanta layin farko kalma kalma, gumi yana ɗiga a takarda. Ya kai tsakiyar layi na biyu, ya haɗu da wata doguwar kalma, ya tsaya. Wani ya yi dariya a baya. Ya rufe littafin ya zauna. Aka ce ya maimaita aji huɗu. A lokacin ya fi kowa tsawo a ajin, kuma ƙanwarsa tana tahowa a baya. Malam ya je rumfar da kansa ya roƙi a ƙara masa shekara ɗaya. Mai gyaran keke ya goge hannu ya ba shi kujera, ya saurare shi har ƙarshe, ya ce shi da zai yarda, amma yaron ya ce ba zai zauna benci ɗaya da ƙannensa ba. Ya yi wa Malam godiya, ya ce ya ji labarin ginshiƙan, Allah ya saka. Mazari yana durƙushe a gefe yana tsoma robar taya cikin ruwa yana neman inda take yoyo, bai ɗago ba.

Daga ranar Malam bai ƙara bin wannan hanya ba. In tayar kekensa ta sace, yakan tura shi da ƙafa har wani mai faci da ke can bayan tasha. Ajinsa ya koma shirunsa sannu a hankali, sunan ma ya dawo, amma gwangwanin bai ƙara zuwa makaranta ba. Matarsa ta zubar da tsakuwar ta mai da shi na maɓallai, ta ajiye shi a taga. Ya ce ta ɗauke shi daga inda yake gani, ta ce tagar nan ce kaɗai take da haske, ta bar shi a nan.

Gari ɗaya ne, ba a rasa haɗuwa. Mazari ya girma, ya gaji rumfar, ya faɗaɗa ta har ta kai ga babura, yaran shago suna ce masa maigida. Ko'ina ya hango Malam sai ya taho da gudu, ya rusuna, ya karɓe masa jaka, ya gaya wa duk wanda ke wurin cewa ga malamin da bai taɓa dukansa ba, ga wanda ya fi kowa ƙaunarsa a makaranta. Yana iya karanta allon kanti in ya tsaya ya natsu. In takarda ta fi haka, sai ya aika a kira ƙanwarsa. Duk lokacin da ya yi wannan yabo a gaban mutane, Malam yakan dubi takalminsa, mutane su ce dattijon akwai tawali'u.

A shekararsa ta ƙarshe kafin ritaya, ranar da aka buɗe makaranta, yana jan zarensa a allo sai ya ji sallama. Mazari ne, da furfura 'yar kaɗan a gemu, riƙe da hannun wani yaro. Yaron yana tsaye amma gwiwarsa tana rawa, idonsa ya riga ya zagaye ajin ya sauka kan kwalbar tawada. Mazari ya ce ɗansa ne na fari, ya roƙi hedimasta musamman a sa shi a ajin Malam. Suka gaisa, suka tambayi gida, ya tura yaron ciki. Ya juya zai tafi, sai ya tsaya a bakin ƙofa, daidai inda ubansa ya taɓa tsayawa, yana murza makullin babur.

"Malam, wannan ko zai rushe ajin, a bar shi a ciki," ya ce a hankali, idonsa a ƙasa. "Kar a ba shi gwangwani."

Malam ya ji alli ya karye a hannunsa. Ya tambaye shi yaushe ya gane ainihin dalilin aiken nan.

"Ba da daɗewa ba. Akwai wani yaro da aka kawo mini shago, ba ya barina in yi aiki. Wata rana na ji kaina ina aikensa ya sayo mini ƙusar da nake da ita cike da kwali. Da ya fita na ji wani daɗi." Ya yi ɗan murmushi. "Sai na zauna."

Malam ya buɗe baki, Mazari ya rusuna ya ce a gaida Mama, ya tafi.

Wannan shekarar aji huɗu bai yi shiru ba ko na yini ɗaya. Sabon sufeto, matashi, ya wuce ta baranda ya ji kukan akuya, ya gaya wa hedimasta lalle dattijon nan ya gaji, gara da lokacin hutunsa ya zo. Malam ya ji. Ya sa bencin yaron a jikin teburinsa. Ya bar shi ya karanta a tsaye, ya bar shi ya karanta yana tafiya daga taga zuwa ƙofa, ƙofar dai a rufe. Kullum da an fito da littattafan karatu, yaron yakan ɗaga hannu ya ce fitsari yake ji. Kullum Malam yakan sa yatsa a kan takarda ya ce, "Layin nan tukuna." In ya karanta, sai ya buɗe masa ƙofa, ya tsaya a bakinta yana shafa bayan hannunsa, ajin yana ta hayaniya a bayansa, har sai ya ga yaron ya dawo.